Jar Angurya

Ranar kasuwar Bukkuyum, Halilu, wani dattijo mai kiwon bijimin sa, ya tsaya gaban wani matashi da ya kasa angurya a buhu. Bai taɓa ganinsa a kasuwar ba. Ya damƙi kaɗan ya shinshina, ransa bai kwanta ba.

"Samari, mi ya sa anguryar ga ta yi ja?"

"Mai kyau ce, Baba. In sa ya ci wannan, kafin layya ba ka gane shi."

"Warin magani nika ji. Ina ka samo ta?"

"Ta gwamnati ce fa, ba ta banza ba."

"Au! Irin shukar da anka ce tallafi ne ga manoman auduga? Wanda anka cuɗe da maganin ƙwari? Kashe min sa za ka yi?"

"Wankewa ake yi, Baba."

"Wuni na yi cikin rana wurin rabo, anka ce ya ƙare. Ashe ga inda ya ƙare. Ina gonarka take?"

"Ba ni anka ba ba, yayana ne. Shi direba ne."

"Direban wa?"

Matashin ya hau ɗaure bakin buhu, sannan ya ɗago.

"To kai Baba, gona nawa ka ware wa auduga bana?"

"Bana gero zan shuka duka."

"To da an ba ka irin, ina za ka kai shi?"

Halilu ya daɗe yana goge tafinsa da gefen riga.

"Ni ko zan sayar, ga mai shukawa zan sayar, ba ga mai dabba ba."