An Sayar da Keken Baba

A ɗakin jiran likita, wata tsohuwa ta lura takalman wani dattijo da ke gyangyaɗi ko ƙasa ba su taɓa ba. Ta dubi ɗansa.

"Ɗan nan, babanka ba ya fita ne?"

"Ina raye, Mama? Kekensa ma na sayar. Mantuwa ce kawai ke damunsa."

"Haka 'ya'yana suka yi wa ubansu, wai gata! Likita na cewa ya riƙa takawa jini ya kai ƙwaƙwalwa, su suna cewa abin kunya ne. Suka dasa shi a kujera har ya manta sunana."

"Hutu fa na ba shi."

"Ya roƙe ka?"

Ashe dattijon ba barci yake ba. Ya miƙe a hankali, ya nufi ƙofa shi kaɗai.