Maɓallin da Ya Faɗa Ƙasan Allo

Da hantsi ana yayyafi, wani dattijo yana zaune a rumfar tashar mota, laftof a cinyarsa. Saura ƙiris masu ɗaukar aiki su gana da shi ta bidiyo, amma maɓallin shiga ya ƙi fitowa. Wata budurwa da ke gefensa ta leƙo.

"Baba, ba lalacewa ta yi ba. Girman rubutu aka ƙara har shafin ya fi ƙarfin allon, maɓallin ya faɗa ƙasa."

"Yara ne suka taɓa min," ya ce, yana share gumi.

"To kawo a rage shi, komai zai fito."

"Kar ki taɓa!"

"Ai ba abin da zai goge, Baba."

"In ya ƙanƙance da wane idon zan karanta? Ga su kuma za su riƙa kallona."

Ta dube shi. Ta miƙa hannu ta rage girman, ta danna maɓallin, sannan ta mayar da rubutun ɓaro-ɓaro yadda yake kafin kyamara ta buɗe.

Aka kira motarta, ta ɗauki jaka. Bai ko ɗago ba, yana can yana gyara hula yana amsa sallamar masu ɗaukar aikin.