Buhuna Huɗu a Bayan Karaban

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta 'yan Arewa mazauna unguwar Catford a nan London, Dakta Almu; malamanmu da fastocinmu; iyayenmu maza da mata da suka ajiye aiki, waɗanda dominsu aka shirya wannan taro; yayyena da ƙannena, ina yi muku sallama, ina gaishe ku da girmamawa.

Sunana Safura Baha'uddeen. Wata uku ke nan da na gama karatun injiniyan motoci, ban taɓa tsayawa gaban jama'a haka ba, don haka ku gafarce ni idan na yi kuskure. Na gode da kuka ba ni minti goma. Na fi gode wa Baba Mordecai Bot, wanda ke zaune a gaba a keken guragu, domin da izininsa zan faɗi abin da zan faɗa.

Da yawa cikin iyayenmu suna sha'awar karaban, wato ɗan gidan nan mai taya da ake ja da mota. Bayan shekara talatin a flat, ɗan matsattsen gida a cikin bene, wa zai ga laifin wanda ke son ya farka ya ga teku? Sai dai akwai abu uku.

Na farko, a fara duba mota kafin a zaɓi karaban. Shawarar da ake ba sabon mai ja ita ce kada nauyin karaban da kayansa ya wuce kashi tamanin da biyar cikin ɗari na nauyin motar. Shawara ce, ba doka ba, ba na so in ƙara mata abin da ba ta da shi. Amma yawancinmu mun sayar da manyan tsofaffin motocinmu saboda dokar hayaƙi ta London, mun koma ƙanana, sannan muna zaɓen babban karaban don ya ɗauki jikoki.

Na biyu, gudu. Mai jan karaban ba ya wuce mil sittin a awa a babbar hanya, ko da kowa yana wuce shi.

Na uku shi ne ya kawo ni. Mu mutane ne da ba ma tafiya hannu rabbana. Yadda muke loda motar zuwa gida, mu danna buhu a baya, mu ɗora tukunya a kai, haka muke loda karaban. Amma karaban ba motar tasha ba ce. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa, a tsakiya, daidai kan tayoyi. Idan suka koma baya, gaba ya yi sauƙi, sai karaban ya fara lilo, ya ja motar da ke jansa.

A watan Yunin bara, ina ajin ƙarshe, na je taya Baba Mordecai da matarsa Mama Dinatu loda kaya, za su Wales tafiyarsu ta farko. Motarsu kilo dubu ɗaya da ɗari huɗu ce. Karaban ɗin babu komai ciki kilo dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, an yarda a ƙara masa ɗari da hamsin kawai. Mun zuba masa ɗari biyu da casa'in. Cikin wannan akwai buhunan shinkafa huɗu, kowane kilo ashirin, domin Mama ta ce za ta dafa wa duk maƙwabtan da ta samu a can. Ni na ɗauki buhunan. Ni na jera su can baya, ƙarƙashin gado.

Na san ba daidai ba ne, a zangon nan aka koya mana. Na ce, "Baba, da an matso da shinkafar nan tsakiya."

Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, bari ki karɓi takardar shaidar tukuna. Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas a garin nan."

Mama ta ce, "Rabu da shi, 'yata, ko gishiri ba ya yarda a gyara masa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban sake faɗa ba, saboda an koya mini cewa yaro ba ya maimaita wa babba magana.

A wata gangara, babbar mota ta wuce su, iskarta ta bugi karaban, ya fara lilo. Sauran kun sani, da ku aka yi jana'izar Mama Dinatu.

Na yi wata goma sha ɗaya ban iya zuwa gaishe da Baba ba. Ran da na je, shi ya fara magana. Ya ce, "Kin faɗa mini, na ji ki. Sau ɗaya ne dai kika faɗa." Na gaya masa abin da ke damuna yanzu, ya ce, "Ki faɗa a taro. Ki kira sunana, ki kira nasa ma."

To, Abba. Ga mahaifina can, Alhaji Baha'uddeen, a layi na uku. Ranar Asabar za shi ɗauko karaban da ya zaɓa. Motarsa kilo dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin ce, abin da ya kamata ta ja bai wuce dubu ɗaya da ɗari da arba'in da bakwai da rabi ba. Nauyin da ke rubuce a jikin wancan karaban dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin ne. Ummana ce za ta zauna a kujerar gaba.

Abba, na faɗa muku a gida sau ɗaya, kuka ce in bari in samu aiki tukuna. Wannan shi ne na biyu. Na san na kunyata ku a gaban abokanku, kuma in kun yi fushi da ni, zan ɗauka. Ku yi cancel, ku fasa cinikin, mu je tare mu nemi ƙarami. In kun ƙi, Asabar da safe za ku same ni tsaye a bakin ƙofa, zan faɗa na uku.

Allah Ya ba Baba Mordecai haƙuri da sauƙi. Allah Ya sa iyayenmu su ci hutun da suka wahala dominsa, su je lafiya, su dawo mana lafiya. Allah Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.