Garba Ya Ci, Abubakar Ya Faɗi

Salamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Abubakar masinja, daga unguwar Ɗan Iya a Bauchi. Raina a ɓace yake.

Shekara guda ke nan ina karatu ta gidan waya da wata makaranta a Ingila, don in zama akawu. Su aiko da darasi, in amsa, in mayar musu. Da sunan Abubakar na shiga, amma a takardun amsa sai na riƙa rubuta Garba, yadda kowa ke kirana.

Jiya sakamako ya iso. Wai Abubakar ya ci sifiri, bai taɓa aiko da aiki ba. Wai wani Garba ya ci tamanin, amma ba ɗalibinsu ba ne! Kuma a dokarsu, maki in ya shiga takarda ba a gyara shi, sai dai in maimaita shekara.

Haba jama'a! Adireshi ɗaya, rubutun hannu ɗaya! Wa ke Bauchi da bai san Garba shi ne Abubakar ba? Ga shi watan gobe za a ba wani kujerar akawun da nake hari a ofishinmu.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Yaya zan yi da mutanen da suka daɗe suna mulkinmu, amma har yau ba su san sunayenmu ba?