Na Sa Aka Tsallake Mai Gadin Motata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Garba ne daga Kekun Waje. Allah ya ba ni jikanya ta farko, murna har kunne, amma wani abu yana cin raina.

Motata tana da ɗan makunnin da ke yanke wa famfon fetur wuta idan motar ta bugi wani abu. Duk ramin da na faɗa sai ta mutu. Da na gaji, na sa mai wayarin ya tsallake shi. Ya ce, "Baba, wannan fa shi ne mai gadin motar." Na ce, "Kai za ka koya mini mota?"

Ranar da na ɗauko jaririyar da uwarta daga asibiti a Gusau, taya ta fashe, muka faɗa kwalbati. Tiyon mai ya tsage, injin ya mutu, famfon kuwa yana ta kwarara fetur a ƙarƙashinmu har na tuna na kashe makulli. Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba.

Ɗana sai godiya yake mini, wai na ceci 'yarsa. Jibi suna. Jama'a, in gaya masa gaskiya kafin sunan ko bayansa?

Ina gaida mai wayarin. Gaskiyarka ce, ina nan tafe ka mayar mini da makunnin.