Sifikar Hagu

A rumfar mai sayar da kayan sauti a Babbar Kasuwa, Alhaji Sammani ya kasa zama. Mai rumfar ya tafi sallah, shi kuwa sai safa da marwa yake gaban wata ƙatuwar sifika. Wani baƙo ya zagayo ta damansa.

"Alhaji, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Manyan sifiku na saya na jera a falo. Ta dama ras, ta hagu kamar ana magana cikin tulu. Na canza waya, na matsar da kujeru, a banza. Yau dawo masa da abarsa na yi."

"Iyali fa, mi suka ce?"

"Wai ƙara ta yi yawa. Mi suka sani? Ita Hajiya ma yanzu ƙunƙuni take mini, ba ta buɗe baki."

"A wane gefe take zama?"

"Hagu. Mi ya kawo wagga tambaya?"



"Alhaji, tun ɗazu nake maka sallama ta hagunka. Sai da na zagayo ka ji ni."

Sammani ya tsaya cak. A hankali ya kai yatsa ya toshe kunnensa na dama.

Kasuwar duka ta yi tsit.