Feshin da Ya Makara

A tashar Tasawa, rediyon mai shayi ya ce kuɗin jirgin yaƙi ya sake tashi, ƙasashe sai ƙara kasafi suke. Na Allah, manomi daga Baudeta, ya ja tsaki.

"Jirgi guda, miliyar kaza. Mu kuwa fara ta cinye mana hatsi, ko jirgin feshi ba mu gani ba."

Wani mai farar riga da ke gefensa, irin 'yan bokon da ake ce wa Mushe, ya ce, "Baba, tsaro tsada gare shi. In ba jirgi, ɓarayin daji su kwashe ku."

"Fara ta riga su, Mushe. Sau uku muna aika wa malamin gona, ko leƙe bai yi ba. Yana can ofis yana shan iska."

"Wace iska? Wata huɗu babur ɗin aiki na jingine, ko lita guda ta esansi ba a ba ni ba. Da ƙafa zan zo?"

Na Allah ya dube shi, ya dubi famfon feshin da ke tsakanin ƙafafun mutumin.

"Ashe kai ne. Yanzu ina za ka?"

"Baudeta."

"Koma gida, kara kaɗai ya rage. Kira jirgin naka ya zo ya tsare shi."